Gashin Kaji da Ƙananan Halittun da ke Narkar da Shi

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa ratsa ɓangaren 'yan kaji a wata babbar kasuwa ta ƙasar Hausa, musamman a jajibirin salla, ya ga yadda gashi ke taruwa. Masu figa na zaune gaban tukunyar ruwan zafi, suna tsoma kaza suna tuge gashinta suna turawa gefe guda, kafin la'asar ya zama tsibi, jiƙe da ruwa da jini. Mai kaza ya ɗauki namansa ya nufi gida, shi kuwa gashin sai a bar wa kwata da juji da iska. In damina ta sauka ya toshe magudanar ruwa. In an cinna masa wuta ya cika unguwa da ƙauri. In kuwa an binne shi, sai ya yi wata da watanni cikin ƙasa ana tono shi kusan yadda aka zuba shi.

Manufar wannan lacca ita ce a nuna cewa wannan abu da ake ɗauka ƙazanta ce tsantsa, a haƙiƙa abinci ne da taki waɗanda aka ƙulle su tam, kuma akwai waɗansu ƙananan halittu da ke iya kwance wannan ƙulli. Za a yi bayanin dalilin taurin gashi, da tarihin gano masu cin sa, da yadda suke gudanar da aikinsu, sa'an nan a dubi amfanin da za a samu da haɗarin da ya wajaba a kiyaye.

Abin da ake nufi da ƙananan halittu shi ne rayayyun abubuwan da ido ba ya iya gani sai da madubin ƙara girma. An saba kiran su duka ƙwayoyin cuta, amma wannan suna bai yi musu adalci ba, domin mafi yawansu ba su jawo cutar komai. Su ne ke mai da madara nono, su ne ke kumbura burodi, su ne kuma ke nunar da daddawa. Iri biyu daga cikinsu suka shafi wannan magana, watau bakteriya da fumfuna.

Yawan Gashin da Abin da ke Cikinsa

Bisa ƙididdigar Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, kajin da ake yankawa a duniya kowace shekara sun haura biliyan 70. Wani rahoton wannan hukuma na shekarar 2018 ya ƙiyasta kajin Nijeriya a kan kimanin miliyan 180. Gashi kuwa yakan kai kashi 5 zuwa 7 cikin 100 na nauyin kaza mai rai. Saboda haka gashin da ake zubarwa a duniya kowace shekara, da miliyoyin tan ake lissafa shi.

Kusan kashi 90 cikin 100 na busasshen gashi furotin ne, watau sinadarin nan mai gina jiki wanda ake nema a nama da ƙwai da wake. Ƙulin waken soya, wanda masu haɗa abincin kaji ke saye da tsada, furotin ɗin da ke cikinsa bai wuce kashi 44 zuwa 48 ba. Ta wajen naitirojin kuma, wanda shi ne sinadarin da shuka ke buƙata ta yi ganye kore, gashi na ɗauke da kusan kashi 14 zuwa 15 cikin 100.

Wani ɗan lissafi zai ƙara fito da maganar fili. A ƙaddara akwai kasuwar da ake fige kaji 1,000 a kowace rana, kuma kowace kaza ta ba da giram 70 na busasshen gashi. Ke nan a rana an tara kilo 70, wanda a cikinsa akwai furotin kimanin kilo 60 da naitirojin kimanin kilo 10. Buhun takin yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da naitirojin kilo 23. Ashe a cikin kwana biyar wannan kasuwa ta zubar da naitirojin da ya ɗara na buhu biyu na yuriya, ta kuma biya kuɗin kwashe shi, in an kwashe ɗin.

Dalilin Taurin Gashi

Tambayar da za ta fara zuwa a rai ita ce, in har gashi furotin ne, me ya hana a niƙe shi a zuba wa kaji ko kifi? Amsa ita ce cikinsu ba ya iya narkar da shi. Wanda ya taɓa ganin amai ko kashin mujiya da shaho ya san gashin abin da suka ci yakan fito bai narke ba.

Furotin ɗin gashi sunansa keratin. Shi ne kuma ke cikin ƙaho da kofato da farce da sumar ɗan Adam da ulun tumaki. Kowane furotin dogon zare ne da aka jera shi da ƙananan tubala masu suna amino asid, waɗanda iri 20 ne. A cikin shekarun 1930 William Astbury na Jami'ar Lids ta Ingila ya haska ulu da gashin tsuntsu da hasken ɗaukar hoton ƙashi, ya ga cewa zaren nasu a tsare yake, ba a yamutse ba. A shekarar 1951 kuma Linus Pauling da Robert Corey na Amurka suka fayyace siffofi biyu da zaren furotin ke ɗauka. Na suma da ulu murɗaɗɗe ne kamar tufkar igiya. Na gashin tsuntsu kuwa zaruruwan kwance suke kafaɗa da kafaɗa, a matse, kamar saƙar tabarma, har ruwa ba ya ratsa su cikin sauƙi.

Daɗin daɗawa, a cikin tubalan keratin akwai wani mai suna sistayin, wanda ya kai kusan kashi 7 cikin 100, kuma yana ɗauke da farar wuta. Duk inda sistayin na wannan zare ya yi maƙwabtaka da na wancan, sai farar wutarsu ta kama juna, su ƙulla zaruruwan biyu da ƙulli mai ƙarfi. Wannan farar wuta ita ce tushen ƙaurin da ake ji in ana babbakar kan rago ko an ƙona gashi.

A cikin tumbin dabba da hanjinta akwai sinadaran da ake kira enzayim, waɗanda aikinsu shi ne yayyanka zaren abinci ƙanana-ƙanana yadda jiki zai iya tsotsewa. Biyu daga cikinsu, fefsin da tirifsin, su ne ke narkar da nama da wake. Amma idan suka iske keratin, sai su tarar da saƙa a matse, ga ƙulli ko'ina, babu kafar da za su sa baki. Haka gashin zai wuce ya fita yadda ya shiga.

Hanyar Turarawa

Masana'antun ƙasashen da ke da manyan mayankar kaji sun daɗe da samun wata dabara. Sukan zuba gashin a babbar tukunyar ƙarfe rufaffiya, su turara shi da tururi mai ƙarfi, a zafin da ya kai digiri 130 zuwa 150 na ma'aunin Salsiyas, na tsawon rabin sa'a zuwa sa'a guda. Zafi da matsin tururi su tsinka ƙullin farar wuta, sa'an nan a busar, a niƙe, a sami abin da ake kira garin gashi. Ƙa'idar masu sa ido kan abincin dabbobi a Amurka ita ce, lalle kashi 75 cikin 100 na furotin ɗin wannan gari ya zama fefsin na iya narkar da shi.

Wannan hanya tana aiki, amma tana da illa uku. Ta farko, tana cin makamashi ƙwarai, kuma injinanta sun fi ƙarfin ƙaramin mai jari. Ta biyu, zafin da ke tsinka ƙulli shi ne kuma ke lalata waɗansu amino asid masu daraja, har ya haifar da wani sabon ƙulli mai suna lantiyonin wanda jikin dabba ba ya amfana da shi sosai. In an rage wuta garin bai narke ba, in an ƙara ya ƙone. Ta uku, tun asali keratin na da ƙarancin laisin da metiyonin da histidin, waɗanda ɗan tsako ba ya girma sai da su. Shi ya sa masu haɗa abincin kaji ba su cika wuce kashi 5 cikin 100 na garin gashi ba a haɗinsu. Waɗannan dalilai ne suka sa masana suka juya suna neman hanyar da ba ta buƙatar wuta mai yawa.

Tarihin Gano Masu Cin Gashi

Hankali kansa ya nuna cewa lalle akwai mai cin gashi a doron ƙasa. Tsuntsaye na zubar da gashi kowace shekara, dabbobi na mutuwa da ƙahoninsu, amma daji bai cika da su ba. Abin da ya rage shi ne a san ko wane ne.

A shekarar 1899 Harry Marshall Ward, shehun malamin ilmin tsirrai a Jami'ar Kambirij, ya wallafa bayanin wata fumfuna mai suna Onygena equina wadda ke tsira a kan tsohon ƙaho da kofato tana cinye su. A 1952 wani likita ɗan ƙasar Beljiyam, Raymond Vanbreuseghem, ya fito da dabara mai sauƙi ta kama irin waɗannan halittu. Sai a ɗebo ƙasa a zuba a faranti, a yayyafa ruwa, a ɗora silin gashin da aka kashe duk wata halitta da ke jikinsa, a rufe a jira. Gashin ya zama kamar tana a bakin ƙugiya, domin babu mai hawa kansa sai mai iya cin sa. Har yau ana amfani da wannan dabara. A 1959 kuma Noval da Nickerson na Jami'ar Rutgers ta Amurka suka nuna cewa wata bakteriyar ƙasa, Streptomyces fradiae, tana narkar da ulu da gashi. Daga shekarun 1970 Jiri Kunert na ƙasar Cek ya bayyana cewa fumfuna ba ta fara yanka keratin sai ta fitar da wani sinadarin farar wuta mai suna salfayit wanda ke kwance ƙullin tukuna.

Binciken da ya fi tasiri a kan sha'anin kaji ya fito ne daga Jami'ar Jihar Karolina ta Arewa a Amurka. Shehun malami Jason Shih yana gwajin wani tanki mai ɗumi wanda ake zuba kashin kaji a ciki domin a sami iskar gas ta girki. Sai ya lura cewa gashin da ke shiga tare da kashin ba ya fitowa ta ɗaya gefen. Shi da ɗalibansa suka bi sawu, har a 1990 suka wallafa cewa sun ware wata bakteriya, Bacillus licheniformis, suka yi mata laƙabi da PWD-1. Ta fi son zafin digiri 45 zuwa 50, kuma tana iya rayuwa ba da wani abinci ba sai gashi, ta narkar da shi cikin mako guda zuwa kwana goma. A 1992 suka tace enzayim ɗin da take fitarwa, wanda ake kira keratinas, a 1995 kuma suka karanta ƙwayar gadon da ke sarrafa shi.

Daga nan sai aka shiga samun irinta a ko'ina. A 1996 masana a Jamus suka bayyana Fervidobacterium pennivorans, wadda aka samo a wani marmaro mai zafi a tsibiran Azores, tana cin gashi a digiri 70. A 1999 Edward Burtt da Jann Ichida na Jihar Ohayo suka gano cewa tsuntsayen daji da ransu suna yawo da irin wannan bakteriya a jikin gashinsu, musamman masu kiwo a ƙasa. Bayan haka aka tabbatar cewa baƙin gashi ya fi fari jure mata. A 2009 masana a Giranada ta ƙasar Sifen suka nuna cewa alhudahuda na kiwon wata bakteriyar daban a cikin maiƙon da ke gindin wutsiyarsa, wadda ke kare gashinsa daga masu cin sa. A Nijeriya ma, Agbaje Lateef da abokan aikinsa na Jami'ar Fasaha ta Ladoke Akintola da ke Ogbomosho sun ware Bacillus cereus LAU 08 daga ƙasar juji, suka wallafa a 2010, sa'an nan Bacillus safensis LAU 13 a 2015.

Ya kamata a lura cewa wannan dangi na Bacillus ba baƙo ba ne a gidan Bahaushe. Idan mace ta dafa kalwa, ta surfe, ta sake dafawa, ta lulluɓe ta ajiye kwana biyu ko uku, abin da ke nunar da ita ya zama daddawa shi ne Bacillus subtilis, kuma akan tarar da licheniformis a tare da ita. Ɗumin da ke tashi daga kwandon, da warin nan mai hawa ka, duk alamun bakteriya ce ke yayyanka furotin ɗin kalwa. Aikin da ake so a yi wa gashi ɗan'uwan wannan ne, sai dai gashi ya fi kalwa gardama.

Yadda Suke Aikin

Aikin yana tafiya ne mataki-mataki. Da farko bakteriyar takan manne a jikin gashi ta hayayyafa, fumfuna kuwa takan tura zaruruwanta su huda shi. Na biyu, sai a kwance ƙulli: halittar ta fitar da salfayit, ko wani enzayim na musamman, wanda ke raba farar wutar da ta kama juna, saƙar ta saki. Na uku, keratinas ya sami kafa ya shiga yana datsa zare, waɗansu enzayim ɗin kuma su bi baya suna ƙara gutsuttsurawa har a koma ga amino asid ɗai-ɗai. Na huɗu, halittar ta ci abin da take buƙata, ta fitar da rarar naitirojin a matsayin iskar amoniya. Wannan amoniya takan mai da ruwan ya yi kanwa-kanwa, shi kuwa ruwan kanwa yana ƙara kumbura gashi, aiki ya ƙara sauri.

A nan ne aka fahimci dalilin wani abu da ya daɗe yana ba masu bincike mamaki, watau sau da yawa tataccen keratinas shi kaɗai ba ya narkar da gashi kamar yadda bakteriya mai rai ke yi. Wuƙa ce aka ba shi, amma babu mai kwance masa ƙulli.

Ɗalibin da ke son ganin wannan da idonsa ba ya buƙatar kaya masu yawa. Zai wanke gashi ya busar, ya zuba giram 10 a lita guda ta ruwa mai ɗan gishirin ma'adinai, ya turara a digiri 121 na minti 15 domin ya kashe duk abin da ke ciki. Sa'an nan ya jefa ɗan ƙasar da ya ɗebo daga tsohon jujin 'yan kaji, ya ɗora kwalbar a kan injin girgizawa domin iska ta shiga, a ɗumin digiri 37 zuwa 45. Bayan 'yan kwanaki zai ga ruwa ya gurɓace, lallausan gashin ya zube, sai ƙashin tsakiya, wanda shi ne ke narkewa daga ƙarshe. In ya riƙa ɗiba daga wannan kwalba yana zubawa a sabuwa, a hankali masu cin gashi za su rinjayi sauran, har ya ware su ya tantance sunansu.

Amfanin da Za a Samu

Amfani na farko shi ne abincin dabbobi. Tun da ba a kai gashin ga zafi mai tsanani ba, amino asid ɗinsa ba su ƙonewa, kuma jikin bakteriyar kansa furotin ne da ke ɗan rage giɓin laisin da metiyonin, ko da yake ba ya cike shi. Wani abin sha'awa shi ne, Shih da abokan aikinsa sun gano daga baya cewa in an barbaɗa keratinas a abincin kaji na yau da kullum, na masara da waken soya, 'yan tsaki sun fi narkar da shi, sun kuma fi saurin girma. Kamfanin da ya kafa tare da ɗansa a 1999, BioResource International, ya fitar da wannan enzayim kasuwa da sunan Versazyme.

Amfani na biyu shi ne taki, kuma shi ya fi kusa da hannun talaka. Ƙasar noma ta yankin nan tana da ƙarancin naitirojin da ruɓaɓɓen ganye, shi ya sa manoman karkarar Kano suka daɗe suna ɗibar shara da toka daga birni a mangalar jaki suna kai wa gonakinsu. Gashi zai iya bin wannan tsohuwar hanya, in an ruɓar da shi tukuna. Sharaɗin shi ne kada a tara shi shi kaɗai, domin naitirojin ya yi masa yawa, zai tsere ya bi iska, a sha wari a yi asara. Sai a cakuɗa shi da abin da ke da ƙarancin naitirojin, kamar ɓuntun shinkafa ko garin katako ko sassaren kara, tare da kashin kaji ko na shanu, a jera hawa-hawa. A jiƙa shi yadda in an matsa a hannu zai dunƙule ba tare da ruwa ya zuba ba, a kuma riƙa juyawa domin iska. Tsibin da aka haɗa daidai zai yi zafin digiri 55 zuwa 65 da kansa, wanda ya dace da masu cin gashi, yana kuma kashe yawancin masu jawo cuta. Irin wannan taki yana sakin naitirojin a hankali, ruwan sama ba ya wanke shi farat ɗaya. Sai dai ba shi da fosfaras da fotash na a zo a gani, don haka ba zai maye gurbin takin zamani gaba ɗaya ba.

Amfani na uku ya shafi jima. Masana'antun fata na zamani, irin waɗanda ke Sharaɗa da Calawa a Kano da sauran ƙasashen duniya, sukan cire gashin fata da farar ƙasa da wani sinadari mai suna sodiyam salfayid. Wannan haɗi yana narkar da gashin ya bi ruwa, yana kuma iya fitar da iska mai guba mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Keratinas kuwa yakan sassauta gashin daga tushe, a kankare shi ɗungum a tace. Masu binciken Ogbomosho sun gwada nasu a kan fatar akuya ya cire gashin. Abin kiyayewa shi ne a zaɓi enzayim ɗin da ba zai taɓa naman fatar ba, in ba haka ba garin neman gira a rasa ido.

Har ila yau ana sa irin waɗannan enzayim a garin sabulu domin cire tabon jini, ana kuma fara narkar da gashi da su kafin a zuba shi a tankin gas. Wani daga cikinsu da aka samo daga fumfuna a Jamus a 1974, mai suna furotinas K, ya zama kayan aiki na kullum a ɗakunan binciken ƙwayar gado, kuma harafin K ɗin nan daga sunan keratin aka ɗauko shi.

Abubuwan da Ya Wajaba a Kiyaye

Na farko, ba kowane mai cin gashi ne abokin tafiya ba. Fumfunar da ke jawo makero a kan yara, watau dangin Trichophyton da Microsporum, gwanaye ne wajen cin keratin, kuma da wannan gwaninta suke cin fatar mutum. Haka nan waɗansu daga cikin Bacillus cereus suna sa guba a abinci. Saboda haka duk halittar da aka ware, tilas a tantance ta sarai kafin a yawaita ta, balle a kai ta kusa da abincin dabba.

Na biyu, narkewar gashi ba ita ce tsarkakarsa daga cuta ba. A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye mai lamba H5N1 a wata gona kusa da Jaji a Jihar Kaduna, wanda shi ne karo na farko da aka tabbatar da ita a kajin Afirka, kuma kafin watan ya ƙare an same ta a Magarya ta Jamhuriyar Nijar. Wani bincike da aka yi a Japan a 2010 ya nuna cewa ƙwayar wannan cuta ta rayu a gashin agwagwa da aka tuge har kwana 15 a digiri 20, da kwana 160 a digiri 4. Ke nan gashin kajin da annoba ta kashe ba na sarrafawa ba ne, na binnewa ne ko ƙonewa bisa umurnin likitan dabbobi. Wanda za a yi abinci da shi kuwa, lalle a bi shi da zafi ko da bakteriya ta gama aikinta.

Na uku, abin da kaza ta sha yakan taru a gashinta. A 2012 masana na Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka suka auna garin gashin da ake sayarwa, suka tarar da ragowar magungunan kashe ƙwayoyin cuta da sinadarin arsanik. Inda masu kiwo ke ɗura wa kaji magani ba da shawarar likita ba, wannan matsala ba za ta yi sauƙi ba.

Na huɗu, akwai darasi a cutar haukan shanu da ta ɓulla a Ingila a 1986, wadda ta yaɗu saboda ana ciyar da shanu garin nama da ƙashin 'yan'uwansu. A 2001 Tarayyar Turai ta hana sa irin wannan gari a abincin dabbobin kiwo. Ta sassauta ga kifi a 2013, ta ƙara sassautawa a 2021, amma ta riƙe ƙa'idar kada a ciyar da dabba garin naman jinsinta. Hikimar da ke cikin wannan ta isa a yi tunani a kanta kafin a mayar wa kaza da gashinta.

Na biyar shi ne tsada da yawa. Abin da ya yi kyau a kwalba mai lita guda ba lalle ne ya yi kyau a tanki mai lita dubu goma ba, domin tankin na buƙatar iska da juyawa da wutar lantarki marar yankewa. Ga shi kuma jiƙaƙƙen gashi ba ya jira, kwana guda ya isa ya fara wari. Wannan ne ya sa har yanzu turarawa ce ta fi rinjaye a masana'antun duniya, waɗansu kuwa suna haɗa hanyoyin biyu, su sa enzayim domin su rage wuta.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, aikin da ke gaban jami'a da hukuma ya fito fili, kuma yana da kyau a bi shi daki-daki. Matakin farko ba na ɗakin bincike ba ne, na ƙaramar hukuma ne da shugabannin kasuwa: a ware wa masu figa wurin zuba gashi dabam da sauran shara, da daɓen shanya shi, da mai kwashewa kullum. Gashin da ya cakuɗe da leda da kwalba ya tashi daga aiki. Mataki na biyu shi ne taki, tun da ba ya buƙatar lantarki, kuma haɗarinsa ya fi ƙanƙanta. Malaman gona na iya gwada shi a ƙananan filaye, a auna amfanin da masara ko dawa ta bayar, manomi ya gani da idonsa. Abincin dabbobi shi ne na ƙarshe, bayan an tanadi awo da ƙa'ida da mai sa ido.

Cibiyoyin da za su ɗauki wannan nauyi suna nan: ta binciken aikin gona a Samaru, ta kiwon dabbobi a Shika, ta fata a Zariya, da ta lafiyar dabbobi a Vom. Ga ɗalibai kuwa, tambayoyin da ke jiran amsa ba su da nisa. Wace bakteriya ce ke zaune a jujin kasuwar garinsu? Wacce ta fi jure zafin bazara? Buhu nawa na ɓuntu ya dace da buhu guda na gashi, kuma mako nawa tsibin zai yi kafin ya nuna? Ba a fafe gora ranar tafiya. Kiwon kaji na ƙaruwa tare da ƙaruwar birane, gashin da ake zubarwa bana zai fi na bara, saboda haka gara a fara auna waɗannan abubuwa tun tsibin bai fi ƙarfin masu kwashe shi ba.